Ranar da Muka Tace Laburare Kamar Koko

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na unguwar Nima, wasu ma kafin rana ta faɗi na manta da su. Amma abin da ya faru a ajinmu na yaƙi da jahilci, shekarar da aka sa mana laburare a cikin waya, ko tsufa ya kwashe min sunayen jikokina ba na jin zai kwashe min shi. Har yau in na ɗaga ƙyallen tata da safe sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai, yarinyar da ke taya ni aiki ta yi ta kallona kamar na fara zarewa.

Ni mai koko ce. Da shi na yi rainon 'ya'yana, da shi na aurar da su. Ban shiga aji ba sai da babbar 'yata ta yi aure a Kumasi ta riƙa turo min saƙo a rubuce, ni kuma in ɗauki waya in bi maƙwabta su karanta min sirrin gidan 'yata. Wata rana na ce wannan ya isa. Ajin namu ɗan ɗaki ne a bakin wani gidan haya, daf da teburin kokona, mai gidan ya ba mu aro saboda Allah. Muna shiga bayan la'asar, in kasuwa ta lafa. Ba don kusancin nan ba da ban iya zuwa ba, haka ma yawancinmu. Duk mun san in ɗakin nan ya tafi, karatun ya tafi ke nan, domin babu wadda za ta bar tukunya a wuta ta hau motar haya ta tirotiro zuwa wata unguwa don ta koyi haɗa baƙi.

Mai gidan, Alhaji, dattijo ne da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma bai yarda akwai wanda ya fi shi Turanci daga Nima har Maamobi ba. Kowace safiya yakan zauna a bencina da gemunsa da ya sha rini, in zuba masa koko, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun jallabiya ya ɗiga a ciki, ya motsa, ya sha. Cewa yake maganin ciwon ƙugu ne. Ni dai na san irin kwalbar, masu lasifika na tashar motar Sakul ne ke sayar da ita, kuma ba ƙugu suke ambata ba in suna talla. Amma ba a tambaye ni ba.

Malamarmu yarinya ce 'yar Maamobi, mai haƙuri da mu ƙwarai. Ita ta zo mana da labarin laburaren. Ta ce akwai littattafan da mutum ke karantawa da ido, akwai kuma waɗanda ake karanta masa a kunne yana wanke-wankensa. Aro ake yi, in lokaci ya cika littafin ya koma da kansa. Ta yi wa kowacce rajista, ta nuna mana ɓangaren sauraro, ta nuna mana akwatin nema, mai hoton wani gilashi da mariƙi kamar ludayi, inda za ka rubuta abin da kake so. A gefensa akwai hoton mazurari. Ta ce wannan sai mako mai zuwa. Kafin makon ya zo aka yi mata rasuwa a Tamale, ta tafi. Da mazurarin nan ta fara koya mana, da ba ni da labarin da zan ba ku.

A daidai lokacin ne wani aminin Alhaji, ɗan kasuwar albasa mutumin Nijar, yake neman inda zai ajiye buhunansa. Shi ma a bencina yake karyawa. Hausarsa cikakkiya ce, kullum yana yi mana dariya wai mu 'yan Zango muna ce wa mace "kai", muna ce wa tukunya "shi". Ina zuba suga ina jinsa yana cewa, "Alhaji, ni fa tsoro nake ji maka. Mata, ga waya, ga littattafan da ba a san wa ya rubuta su ba, kuma a cikin gidanka. Gobe in tarbiyya ta lalace a unguwa, sunan wa za a kira? Albasa kuwa ba ta karatu, ba ta surutu."

Bai ɗauki kwanaki ba ya gama da Alhaji. Aka aiko mana cewa ran Asabar mai gida zai zo da kansa ya saurari abin da muke saurara. In ya ji abin kunya ko na banza, a ba shi mabuɗinsa.

Shugabarmu a ajin ita ce Magajiya, babbar mace mai haƙorin Makka, mai sayar da atamfa a kasuwar Malam Atta. Na san ta tun muna 'yan mata, ban taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinta ba. Ta tara mu ran Juma'a ta ce kada kowa ya damu, Malama ba ta nan amma ita tana nan. Dabararta ita ce a nemo littafi a kan mai gidan haya, domin Alhaji ya ji an karrama irinsu. Muka ce wannan tunani ne.

Rubuta kalmar kaɗai sai da ta jawo gardama. Magajiya ta rubuta "lanlod", wato mai gidan haya da Turanci, yadda kowa ke faɗi, wayar ta gyara mata, ta ƙara wasu baƙaƙe. Ta ce, "Ei, waya zai koya min magana? Ni na saye shi fa." Duk da haka ta danna. Sai ga littattafai sun zubo, ana ja sama ba su ƙarewa. A cikin wannan tulin, wane ne mai tsabta?

Nan idonta ya sauka a kan mazurari. Muka haɗa baƙaƙen da ke ƙasansa, mu duka, da ƙarfi, kamar yadda Malama ta koya mana, muka ga "filta" ne. Magajiya ta juyo gare ni.

"Mai koko, kai ne malamin tata. In ka tace ƙullu, mene yake zama cikin ƙyalle?"

Na ce, "Dusa."

"Mene kake yi da shi?"

"Awaki nake ba."

"Yoo! Kun ji ko? Abin da ka sa a filta shi ne dusa. Mu sa duk abin da ba mu so, mai kyau ya wuce ƙasa."

Wallahi a lokacin babu wadda ta ga aibun maganar nan, har da ni. Tun ina yarinya nake tata, ban taɓa ganin an ci abin da ya tsaya a ƙyalle ba.

Ta buɗe mazurarin, sai ga jerin kalmomi da ƙananan akwatuna. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, mai ɗan Turanci tana taimakon marar shi. Soyayya: Magajiya ta ce a'uzubillahi, ta danna. Kisan kai: ta danna. Ban tsoro da fatalwa: ta danna tana tofi. Na manya kawai: wannan sai da muka tsaya, wata ta ce ai mu ne manyan, ajin manya muke. Mai wakye, wato mai sayar da wake da shinkafa, wadda ta fi mu yawon duniya, ta ce, "Anti, ba irin manyan nan ba ne," ta rufe baki da mayafi. Magajiya ta danna shi da ƙarfi har wayar ta kusa faɗi. Aka zo kan tsawo, ta danna mafi tsawo duka, domin wa ke da lokacin dogon labari?

Abin da ya ƙara kwantar mana da hankali, duk kalmar da ta danna sai ta hau sama ta zauna da ɗan kuros a gefenta, irin wanda Malama ke yi mana da jan biro in mun ɓata. Magajiya ta ɗaga wayar kowa ya gani. "Kun gani? Shi da kansa ya sa musu kuros. Sun faɗi jarabawa." Kuma da kowace dannawa littattafan sai su ragu. Mata suna ta salati, wai ashe duk wannan ƙazanta ce muke ɗauke da ita a jaka. Suka yi ta raguwa, suka yi ta raguwa, har ya rage guda ɗaya tak.

Muka yi kabbara. Littafi ɗaya mai tsarki a cikin dukan laburare, kuma mu muka gano shi ba Malama! A bangonsa akwai hoton wani babban gida cikin duhu, taga ɗaya da haske, da inuwar wani tsoho a tsaye. Magajiya ta ce, "Ku duba bawan Allah, ya tashi nafila kowa na barci."

Na ce a hankali, "Magajiya, ko mu ɗan ɗanɗana? Ni ko kokona sai na taɓa a harshe kafin in fitar."

Ta ce, "Koko naka hannu ya yi shi. Wannan inji ne. Kuma data ba ruwan famfo ba ne." Ta danna aro, muka watse da farin ciki.

Ran Asabar muka share ɗaki, muka kunna turare, mai wakye ta kawo sifikar da ake haya a wajen suna. Alhaji ya shigo da babbar riga, aka ba shi kujerar Malama. Mai albasa ya biyo shi, bai ma zauna ba, sai taka ɗakin yake daga bango zuwa bango yana motsa baki, ka san buhu yake jerawa a ransa. Da ya ce shi fa ba ya jin Turanci, Alhaji ya gyara zama ya ce wannan ba matsala ba ce, shi zai fassara masa kalma da kalma, don kada a ce an yi ha'inci.

Magajiya ta yi bismillah ta kunna. Muryar wata mata ce, mai sanyi, Turancinta irin namu na nan, ko mu masu ɗan kaɗan muna tsinta. Ta fara da cewa a wani gari na bakin teku akwai wani mai gidajen haya, babban mutum, in ya fito kowa sai ya rusuna. Fuskar Alhaji ta washe. Ya fassara har da ƙari: "Ta ce mutumin kirki ne, mai taimakon marayu, ba ya rasa sahun farko." Matar ba ta ce ko ɗaya daga ciki ba, amma muka gyaɗa kai. Magajiya ta kalle ni ta gefen ido, irin kallon "da kin hana mu."

Sai matar ta ce mutumin nan, rufin gidansa ya shekara da shekaru yana yoyo, 'yan haya sun yi roƙo har sun gaji, bai taɓa sa ƙusa ɗaya ba. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Ta ce yana da tattali." Ba mu shirya ba, amma dukanmu muka ɗaga kai muka kalli silin, daga nan muka sauke ido kan bahon da muke tarar ruwa da shi a kusurwa.

Aka ci gaba. Wata bazawara ta kama ɗaki a gidan. Tsoho ya fara rina gemu. Ya fara tsayuwa a bakin famfo daidai lokacin da take ɗibar ruwa. Matar ta shiga bayanin abin da ke yawo a zuciyarsa in ya ga bazawarar ta sunkuya ɗaukar bokiti, bayanin da ba zan maimaita ba ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Wasu suka ja mayafi suka rufe fuska, kafaɗunsu na rawa. Fassarar Alhaji ta fara gajarta.

Mai albasa ya ce, "Alhaji, ta yi magana mai tsawo, kai kuma ka ce min 'sun gaisa.'"

Alhaji ya ce, "Haka Turanci yake. Ruwa ya yi masa yawa."

Ban san me ya hana Magajiya kashewa ba. Ina jin jira take a zo wajen nafila. Maimakon haka, sai kiɗa ya canza, muryar ta yi ƙasa. Da safe aka tsinci mai gida a kujerarsa ya sandare, ido a buɗe, kwanon kunu a gefensa. Likita ya ce guba ce. Kunun kuwa, kowace safiya a wajen matar da ke sayarwa a ƙofar gidan yake saya.

Wannan Alhaji bai fassara ba. Mai wakye ce ta dafe ƙirji ta ce, "Ei! Sun sa ma lanlod guba cikin koko!"

Duk ɗakin ya juyo ya kalle ni.

Ni da ko kaza ba na iya yankawa. Magajiya ta kai wa wayar cafka za ta kashe, sai ta danna wani wuri daban, muryar ta koma gudu kamar mai tallan magani a mota, ga fatalwar mai gida ta fito tana kuka a soro da sauri-sauri. Sai da aka zare wayar sifika aka samu shiru.

Alhaji ya miƙe. "Wa ya zaɓo wannan littafi?"

Magajiya, ƙawata tun ƙuruciya, ta ce, "Inji ne ya zaɓa, Baba Alhaji. Amma mai koko ne ya koya mana tata."

Na daɗe da sanin cewa in ana irin wannan, mai ƙaramar murya ita ce mai laifi. Alhaji ya zare mabuɗi daga jikin ƙofa. Mai albasa ya miƙa hannu, har yatsunsa na motsi. Na kalli allonmu, da baƙaƙen da Malama ta bari a kai, na ce a raina shi ke nan, na koma bin maƙwabta da waya.

Alhaji ya tsaya da mabuɗin a hannu. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "To wa ya sa gubar?"

Aka ce ba a sani ba.

"Mai kunun ce?"

Aka ce sai an ji gaba.

"Saura nawa?"

Magajiya ta duba ta ce da ƙaramar murya, irin wadda ban taɓa jin tana da ita ba, ko an kwana an wuni ana ji ba zai ƙare ba.

Alhaji ya jefa mabuɗin a aljihunsa, ba a hannun mai albasa ba. Ya ce wannan magana ta fi ƙarfin ɗaki, ta zama maganar rai. Yana zargin saƙo ne aka aiko masa a fakaice, kuma ba zai yanke hukunci ba sai ya ji littafin nan har ƙarshe. Daga yau shi zai buɗe aji, shi zai rufe. Mu yi karatunmu, in an gama a kunna masa babi.

Washegari ya fito, ya gaishe ni daga nesa, ya wuce wajen mai shayi. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Labari kuwa ya riga ya zaga layi. Masu saye suka riƙa tsokanata: "Mma, zuba min, amma ban da na lanlod." Ina dariya tare da su, amma na lura wasu tsofaffi masu gidaje sun daina aiko da kofunansu.

Da Malama ta dawo muka ba ta labari, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ita da ta dawo daga zaman makoki. Da ta share hawaye ta ce abin da ka danna a mazurari shi ne abin da kake so a ba ka, sauran a ɓoye. Kuros ɗin nan kuma ba faɗuwa ba ne, wurin cirewa ne in ka fasa. Wato mun je laburare mun ce a nemo mana littafin mai gida wanda ya haɗa soyayya da kisa da fatalwa da abin kunya, kuma ya fi kowane tsawo. Ta ce ita kanta da gangan ba lalle ta iya samo shi ba.

Mata suka ce to ai laifin masu wayar ne, wane irin mataci ne wannan da ake cin dusarsa? Sai mai wakye ta buga cinya. "Kai! Gwagwar wake ne! In na wanke wake na juye a kwando, ruwa ya tafi, abin da ya zauna ciki shi nake dafawa. Da ni kuka tambaya!"

Magajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Tun farko kai na so in tambaya. Mai koko ne ya yi saurin amsawa."

Malama ta ce wa Alhaji ai ana iya tsallakewa zuwa babin ƙarshe a huta. Ya ce sam, shi ba irin masu binciken nan ba ne, sai ya ji bakin kowane mai shaida. Haka aka shiga bincike. Tun kafin la'asar ta yi sanyi zai zo ya buɗe ɗaki ya zauna a baya, yana duba agogo muna haɗa baƙi. In wata ta tsaya tana kame-kame a allo, shi zai faɗa mata amsa don a yi sauri. Wajen bazawara in an zo, sai ya ce astagfirullah, a mayar baya kaɗan, bai ji da kyau ba. Albasar amininsa ta fara tsiro, dole ya nemi sito a Alajo, amma bai fasa zuwa ba. Ya ce yana so ya ga iyakar lalacewar zamani da idonsa. Shi ke riga kowa kama benci kusa da sifika.

Ana tsakiyar haka, ranar da 'yan sandan cikin littafin suka kama mai kunu suka sa ta a mota, washegari muka buɗe waya babu littafi. Lokacin aro ya cika, ya koma. Malama ta ce akwai wasu a gaba da suka yi layi, sai sun gama.

Alhaji ya ce, "Layi? Ni? A gidana?"

Ta ce ba a ganinsu, wataƙila wani yana Takoradi, wani yana Bolga.

"To a gaya musu magana ce ta gaggawa. An kama baiwar Allah."

Na ɗaga kai na dube shi. Wannan ne karo na farko da na ji ya tausaya wa mai kunu.

A makonnin jiran nan aka yi ruwa mai ƙarfi, bahonmu ya cika ya tumbatsa. Ba mu kai masa kuka ba. Kwana biyu sai ga kafinta a kan rufi da sabon kwano. Alhaji ya ce kada wani ya ɗauka wani abu ne, sifikar mutane yake gudun ta jiƙe. Ya kuma nemi a yi masa nasa katin laburare don ya kama layi na biyu. Malama ta ce katin na 'yan aji ne kawai. Ya ce to a rubuta shi, amma a matsayin mai sa ido.

Littafi ya dawo, muka ci gaba, har Allah ya kai mu babin ƙarshe. Ranar ɗakin ya cika, har da matan da ba 'yan aji ba a bakin taga. Labarin ya kai kotu, ni kuwa ji nake kamar ni ake yi wa shari'a. Aka wanke bazawara. Aka wanke 'yan haya. Sai likita ya tashi ya ɗaga wata 'yar kwalba da aka samu a aljihun mamacin. Wani haɗi ne da tsohon ya saya a tashar mota don ya koma saurayi saboda bazawara. Shi da hannunsa yake ɗigawa a kununsa kowace safiya, har abin ya taru ya tsayar masa da zuciya. Babu wanda ya kashe shi. Aka saki mai kunu.

Mai albasa ya ce, "Alhaji, me ta ce? Wa ya kashe shi?"

Alhaji ya ce, "Maganar likitoci ce, ba ta fassaruwa."

Mai wakye ta ce ita za ta gwada. Ta fassara tsaf, har da girman kwalbar, da yatsu biyu. Babu wadda ta kalli aljihun Alhaji, kuma wannan rashin kallon ya fi kallo ƙara. Mai albasa ne kaɗai ya kasa danne dariya, ya fita waje da sauri, muna jiyo shi yana tari a bakin kwata.

Alhaji ya miƙe ya gyara hula ya ce ya kammala bincike. Littafin ƙarya ne daga farko har ƙarshe, wanda ya rubuta shi bai san masu gidaje ba. Amma Turancinsa mai kyau ne, zai amfani masu koyo. Ya ciro mabuɗi ya ajiye a tafin hannun Malama.

Da safe ina zuba wa wani yaro ƙosai sai na ga kofin da na sani an miƙo. Na zuba, na sa suga yadda yake so. Ya zauna a benci, hannunsa ya tafi aljihu don sabo, ya dawo ba komai.

Na ce, "Baba Alhaji, ƙugun ya yi sauƙi?"

Ya ce, "Alhamdulillahi, ya warke sarai." Ya kurɓa, ya kurɓa, sannan ya waiga hagu da dama, ya zaro wayarsa ya rage murya. "Mai koko, mazurarin nan. Waɗanne akwatuna kuka danna ranar? Ina so in san irin waɗanda zan hana."

Na goge hannuna a zani na nuna masa, ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa, kuma ba kwalba ce ta kashe shi ba. Ajin yana nan a ɗakin, 'ya'yansa sun bar mana. Ni yanzu da kaina nake karanta saƙon 'yata, da kaina nake nemo littafin da zan saurara ina niƙa citta. Abin da na koya a wannan lamari shi ne, sanin da ka yi wa abu a tukunyarka ba lalle ya yi aiki a tukunyar wani ba. Tata iri biyu ce, akwai wadda ake zubar da abin da ya tsaya, akwai wadda shi ake ci, kuma kafin ka danna ya kamata ka tambaya wacce ce a hannunka, ko da Magajiya ce ke riƙe da wayar. Na kuma koyi cewa in ka ga mutum ya fi kowa ɗaga murya a kan dusa, ka ajiye masa kujera kusa da sifika.